Yadda ake binciken macizai da sauran masu jan ciki a fili kafin neman izinin gini a Akra

Mutanenmu na Nima da Mamobi da Sabon Zango da Madina sun daɗe da fita wajen gari neman fili. Wani ya nufi Amasaman, wani Oyibi ko Dodowa, wani kuma ya bi bakin teku har Prampram. Mai fuloti ɗaya a tsakiyar unguwa da zai gina gidan iyalinsa, galibi izinin gini na asambilin yankinsa, wato ƙaramar hukuma, ne damuwarsa. Amma wanda zai yi rukunin gidaje, ko gidan mai, ko otal, ko masana'anta, ko wajen fasa dutse, sai ya bi ta hukumar kare muhalli, wato EPA, kuma cikin abin da za ta iya nema har da bayanin dabbobi da tsirran da ke filin. A nan maganar maciji da guza da kunkuru da kada take shigowa. Gana ba ta da wata takarda ta daban da ake kira izinin masu jan ciki. Binciken yanki ne na rahoton muhalli, kuma shi ne yankin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Kada katafila ta riga mai bincike shiga

Wannan ne matakin farko, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Al'adarmu ita ce da an biya kuɗin fili a kira katafila ta share shi tas, a zuba bulo, don kowa ya san wurin yana da mai shi. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya san rigimar ƙasa a Akra. Sai dai filin da aka share babu abin da za a bincika a cikinsa, kuma dokokin tantance muhalli sun hana fara aikin da ke buƙatar izini kafin a samu izinin. Hotunan tauraron ɗan'adam na shekarun baya suna nan a Google Earth, jami'i zai iya ganin ranar da ciyawar ta ɓace. In kana tsoron masu cin iyaka, kafa ginshiƙai a kusurwoyi, ka sa allo, ka ajiye mai gadi, ka bar tsakiyar yadda take.

Ka san inda filinka ya faɗa

Bayan binciken takardu a Hukumar Filaye, ɗauki taswirar da safiyo ya zana ka je ofishin tsara gari na asambilin da filin yake ƙarƙashinsa, su gaya maka abin da aka ware wurin dominsa. Dokar tsara amfani da ƙasa ta 2016, mai lamba 925, ita ta ba su wannan aiki. Daga nan sai ofishin EPA, ka cika fom ɗin rajista, su kuma su zo su ga wurin. Hukumar tana nan tun dokar 1994, a farkon 2025 kuma sabuwar doka mai lamba 1124 ta maye gurbin tsohuwar, don haka fom da kuɗin da ake biya ka tambaye su a ofis, kada ka dogara da na wanda ya yi nasa shekarun baya. Bayan sun duba, ko dai su ba da izini da sharuɗɗa, ko su nemi ɗan rahoton farko, ko su ce sai cikakken rahoton tasirin muhalli. Amsarsu ita ce za ta nuna zurfin binciken da za ka yi.

Akwai wuraren da tun kafin su buɗe baki ka san aiki ya same ka: bakin rafi da tafki, fadama, dajin bakin teku mai tsiro cikin ruwan gishiri, kurmin da mutanen gari suke tsafi a ciki, gangaren dutse, da duk inda wata dabba mai fuskantar ƙarewa take zaune. Akra tana da dausayi biyu da aka sa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a duniya a 1992, Sakumo tsakanin Akra da Tema, da bakin kogin Densu a yamma. An sha rushe gine-ginen mutane a Sakumo, waɗansu har sun kai linta. In mai sayar da fili ya nuna maka wuri mai araha a gefen waɗannan, ka tuna araha ba ta ado.

Wanda za ka ɗauka

Kamfanonin da ke rubuta rahoton muhalli suna da yawa, amma ba kowanne ne yake da wanda ya san masu jan ciki ba. Tambayi sunan mutumin da zai shiga ciyawar da ƙafarsa, ka nemi ganin aikin da ya yi a baya, da hotunan da ya ɗauka da hannunsa. Ana samun irinsu a sashen nazarin dabbobi na Jami'ar Gana da ke Legon, da jami'ar KNUST a Kumasi, da ƙungiyoyin kare namun daji. In aikin zai kai ga kama dabba ko dana tarko, sai da takardar sashen namun daji na Hukumar Gandun Daji. Ku rubuta a yarjejeniya yawan zuwan da zai yi, nawa da rana, nawa da dare, a wane wata, kuma ka riƙe wani kaso na kuɗin sai EPA ta karɓi rahoton.

Mai kama maciji na gargajiya yana da amfani a matsayin ɗan rakiya, domin idonsa ya fi na mai digiri kaifi wajen gane rami mai rai. Amma rahoto ba aikinsa ba ne, kuma sai an yi masa kashedi tun farko cewa abin da aka gani ba na buhu ba ne. Ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa in ta tsorata tana da kasuwa, Gana da Togo da Benin ne kan gaba wajen fitar da ita ƙasashen waje.

Aikin tebur da hirar mutanen wuri

Kafin a taka filin, mai binciken zai tattara abin da aka riga aka sani: taswira, tsofaffin hotunan sama, rahotannin ayyukan da ke kusa, bayanan da mutane suka ɗora a shafukan intanet na tattara bayanan halittu irin su iNaturalist da GBIF, da jerin dabbobin da ke cikin haɗari na IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya. Wannan yana ba shi sunayen abin da zai sa ido a kai ne kawai.

Hira da masu noman wurin da makiyaya da masu yin gawayi ta fi wannan riba, in an iya ta. Kada ka ce wa dattijo, "Akwai maciji a nan?" Zai ce akwai, ko'ina akwai. Ka gaishe shi yadda ya kamata, sannan ka ce, "Baba, da kuna share gonar nan bara, me kuka tarar a gindin surin can?" Ko kuma, "In ruwa ya ja baya, ina kuke ganin sawun kada?" A nuna masa hotuna ba tare da an faɗi suna ba, a bar shi ya zaɓa. Sunan da Bahaushe yake kiran maciji da wanda mutumin Ga ko Dangme yake kiransa ba lalle su zo ɗaya ba, har tsakaninmu ma abin da wani ya kira kumurci wani gamsheƙa zai ce. Hoto ne yake raba gardama.

A wannan zuwan ne kuma za a sanar da sarkin wurin da mai gadi da ofishin 'yan sanda mafi kusa cewa za a riƙa shiga da tocila da dare. A filin da ake rigima a kansa, baƙi huɗu masu haska fitila ƙarfe goma na dare sun fi fuskantar haɗari daga 'yan langad, wato 'yan daban da ake ɗauka su tsare fili, fiye da daga macijin nan kasa.

Lokaci

Tsarin da ake yawan gani a intanet na Ingila ne. Can ana shimfiɗa guntayen kwano ko kwalin rufi a ciyawa, a dawo aƙalla sau bakwai, galibi a Afrilu da Mayu da Satumba, lokacin da sanyi yake sa dabba ta nemi ɗumin da ke ƙarƙashin kwanon, domin da hunturu duk sun shige ƙasa. Nau'o'insu na gida shida ne kacal. Wanda ya kwafo wannan jadawali ya kawo Dodowa bai yi komai ba. Mu ba mu da hunturun da ke kwantar da maciji wata da watanni, matsalar dabbarmu zafi ne da rashin ruwa, kuma fili ɗaya mai kyau zai iya fin Ingila gaba ɗaya yawan nau'i.

Damina ce ma'auninmu. Babbar daminar Akra tana kamawa daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama kuma Satumba zuwa Nuwamba. Makonnin farkon ruwa sun fi kowane lokaci: kwaɗi sun fito, macizai sun biyo su, kunkuru ya bar maɓoyarsa, ciyawa kuma ba ta kai ga rufe ido ba. Binciken da aka yi a Janairu kaɗai, cikin hazo, bayan an ƙone daji, ƙadangare da kulɓa zai nuna maka, sai ya sa a ɗauka filin fanko ne. Abin da ya fi shi ne zagaye biyu, ɗaya da damina ɗaya da rani, domin rani ma yana da nasa: ruwa ya ja, duk kada da ƙififiyar wurin sun taru a 'yan kududdufai, ƙirga ta zo da sauƙi. Wanda filinsa ya taɓa yashin teku, daga Prampram zuwa Ada, dole ya haɗa da sintirin dare daga wajen Oktoba zuwa Fabrairu, lokacin da kunkurun teku suka fi fitowa yin ƙwai. Ma'anar wannan duka ita ce ka fara maganar bincike wata shida ko fiye kafin ranar da kake son ganin magina a wurin.

A cikin filin

Zuwan farko zagaye ne kawai. Ana raba filin gida-gida a kan taswira: ciyawa, kurmi, duwatsu, bakin ruwa, tsohuwar gona, kangon gini. Ana sa alama a kan kowane suri, ramin gafiya, ruɓaɓɓen kututture, tarin bulo da tsohuwar rijiya. Suri yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Guza takan fasa shi ta zuba ƙwai a ciki, gara ta liƙe ƙofar, tsohon suri kuma gidan mesa ne da gamsheƙa.

Ginshiƙin aikin shi ne nema da ido. Mutum biyu ko uku suna tafiya a hankali a kan layin da aka shata, suna duba ƙasa da rassa, suna ɗaga dutse da itace da ƙugiya, suna mayar da kowanne yadda suka same shi. Ana rubuta lokacin farawa da na gamawa da yawan mutane, don a san awa nawa aka kashe kafin a ga abin da aka gani. Daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe goma, sai kuma bayan la'asar. Da tsakar rana ɓata lokaci ne.

Zuwan dare ba a tsallake shi. Kasa da tsaka da yawancin macizan gida sai duhu ya yi suke yawo. Hawainiya da ba ka iya gani da rana, da dare takan koɗe ta yi fari-fari a ƙarshen reshe, tocila na sauka a kanta ka gan ta. A bakin ruwa, mai bincike yana ɗaura fitilar a goshi daidai idonsa ya bi gaɓa da haske a hankali. Idon kada yana mayar da haske ja kamar garwashi. Daga tazarar ido zuwa hanci ake ƙiyasta girmansa. Kada uku ne a Gana: na Afirka ta Yamma irin na Paga, da ɗan ƙaramin nan mai gajeren baki wanda yake iya zama har a ƙananan rafukan cikin gari, da mai siririn baki wanda IUCN ta sa cikin masu gab da ƙarewa. Dukansu, tare da kunkurun teku, suna cikin dabbobin da dokokin namun daji na 1971 suka haramta kamawa ko kashewa a kowane lokaci.

Tarkon bokiti shi ne na ƙananan da ido ba ya kamawa. Ana haƙa rami a binne bokiti mai cin lita 20 har bakinsa ya yi daidai da ƙasa, a jera su tazarar mita biyar zuwa goma, a ja katangar leda mai kauri, tsayin kamar rabin mita, ta ratsa ta kan bakin kowanne, a binne gindinta. Dabba ta zo ta ci karo da leda, ta bi gefenta, ta faɗa. A huda gindin bokitin don ruwa ya tsiyaye, a sa ɗan ganye da guntun soso mai laima a ciki don inuwa. Ana dubawa da sassafe da yamma, kowace rana, ba fashi, domin bokitin da aka manta a ranar Akra kabari ne, kuma in kwarkwasa ta samu hanya sai dai a tarar da ƙashi. Ranar da ba za a zo ba a rufe su da murfi. In an gama a cire su a cike ramukan. Babban maciji yana fita daga bokiti abinsa, shi ya sa ake haɗawa da tarkon raga mai baki kamar mazurari a jikin ledar.

Shimfiɗa irin ta Ingila tana da ɗan amfani in an gyara ta. A yi da falanki ko tsohon kafet, a ajiye a inuwa kusa da kurmi, a sa lamba, a ba shi kamar mako biyu ya zauna kafin a fara ɗagawa, kuma da asuba. Kwano a fili yana zafin da ba abin da zai kwanta a ƙarƙashinsa, ga shi kuma masu sayen ƙarfen kwandam ba za su bar maka shi ya kwana uku ba. Wajen ɗagawa, ka tsaya a bayansa, ka sa ƙugiya a gefen da ya fi nisa da kai ka jawo, yadda falankin zai zama garkuwa tsakaninka da abin da ke ƙasa. A ganina wannan dabara ƙari ce kawai, wanda ya gina rahotonsa a kanta ita kaɗai bai yi maka cikakken aiki ba.

Duk abin da aka gani a rubuta shi nan take: rana, lokaci, yanayin sama, wurin a GPS, nau'i, babba ne ko ƙarami, da hoto. Saɓar maciji, ɓawon ƙwai, ƙoƙon kunkuru da sawu duk shaida ne. Kunkurun da bayansa yake da gaɓa yana rufewa, a ɗauke shi hoto ta sama da ƙasa da gefe, domin ɗaya daga cikin irinsa na kurmi yana gab da ƙarewa, kuma samunsa zai iya canza tsarin aikin.

Tsaron rai

Takalmin ruwa mai dogon wuya, wando mai kauri, da tabarau saboda kumurci, wanda yake iya feso dafi daga nisan mita biyu. Ba a shiga mutum ɗaya, ba a sa hannu a rami. Kafin ranar farko a kira asibiti mafi kusa a tabbatar suna da allurar dafin maciji, a san na biyu in babu, mota kuma ta tsaya tana fuskantar hanya. In an yi sara, a cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti. Ba ɗaure da igiya, ba tsaga, ba tsotsa, ba baƙin dutse. Addu'a a yi ta a cikin mota. Dafi a ido kuwa, ruwa mai yawa ake ta zubawa, sannan asibiti. Lambar gaggawa 112 ce.

Rahoton

Karanta shi da kanka kafin a miƙa. Ya kamata ka ga ranakun zuwa, hanyoyin da aka bi, taswira mai ɗigon inda aka ga kowace dabba, hotunan filinka na gaske, da matsayin kowane nau'i a doka da jerin IUCN. A raba abin da aka gani da ido, da abin da mutanen wuri suka faɗa, da abin da ake zato kawai. In ka ga sunan macijin kurmin Yammacin Gana a rahoton filin ciyawa na Ningo ba hoto ba bayani, an kwafo ne daga wani aiki, kuma mai dubawa a EPA zai iya ganewa ya dawo maka da shi. In bankin waje ne zai ba da bashin aikin, ma'auni na shida kan halittu na IFC, wani reshen Bankin Duniya, ya fi wannan tsanani.

Shawarwarin suna da jeri. Na farko a kauce: a janye gini daga bakin ruwa. Manufar Hukumar Albarkatun Ruwa ta 2011 ta nemi a bar mita 10 zuwa 60 a gefen manyan koguna. Wannan ratsin yana tsare dabba, yana kuma tsare gidan daga ambaliya, wanda ya ga ambaliyar Akra ta 3 ga Yuni 2015 ba ya buƙatar bayani. Abin da ba a iya kaucewa ba a rage shi. Kwashe dabbobi zuwa wani wuri shi ne na ƙarshe, kuma sashen namun daji ne zai ce ina, ba direban tifa ba. A lura cewa daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba lokacin hana farauta da kamun namun daji ne a Gana, ƙaramar damina kuma a cikinsa take, don haka a nemi takardarsu da wuri.

Ranar shara

Izinin EPA da na asambili sun fito, sai a tara leburori da direban katafila a karanta musu sharuɗɗan da harshen da suke ji. Ba a sa wuta. A fara sare ciyawa da adda ko inji zuwa tsayin gwiwa, a bar ta kwana ɗaya ko biyu, a sake sarewa zuwa idon sawu, a kwashe. Ana farawa daga bakin titi ana turawa zuwa ɓangaren da aka bari, don abin da ke gudu ya samu mafita maimakon ya faɗa gidajen maƙwabta. Tarin duwatsu da bulo da kututture da hannu ake warware su, suri kuma a buɗe shi a hankali mai binciken yana tsaye da ƙugiya da akwatinsa. Bayan haka ne katafila take shiga, shi kuma yana gabanta.

Ramin harsashi da na masai a rufe su da yamma, in ba za su rufu ba a jingina katako a ciki don abin da ya faɗa ya hau, a kuma leƙa kowace safiya kafin lebura ya sauka. Ragowar waake da kenke kada su kwana a wurin, domin ɓera suke kira, maciji kuma ɓera yake bi. A manna lambar mai binciken da ta sashen namun daji da ta asibiti a ƙofar shagon siminti. A ajiye littafi ɗaya wurin fomen, duk dabbar da aka gani ko aka ɗauke a rubuta rana da wuri da inda aka kai ta, domin jami'an EPA suna iya zuwa duba ko ana bin sharuɗɗan izini, kuma daga littafin nan ne mai rubuta rahoton shekara zai ɗauki bayanansa.